Ɗan'uwan Alhaji da Asusun Caca

Ba zan manta da ranar Larabar da na gaida wani dattijo da Hausa a waya ya katse layi ba. Lokacin ina wata na bakwai a sashen amsa kira na wani kamfanin cacar wasanni ta intanet, a wani dogon gini bayan manyan shagunan titin Wendover Avenue, a garin Greensboro na Amurka. Jihar da muke ciki ba ta daɗe da halatta irin wannan caca ba, kamfanoni suna ta ɗibar ma'aikata. Ni kuwa na haura sittin, gwiwoyina sun gaji da ɗaukar kwalaye a sito. Saboda Faransanci aka ɗauke ni. A Jos na tashi, amma na yi shekara tara ina karɓar baƙi a wani otal a Yamai, na kuma yi ofishin jiragen ruwa a Kwatano. Fastonmu bai so aikin ba. Daga baya ya ce tunda ba ni nake zuba kuɗin ba, in je in gani.

Ga waɗanda ba su san aikin ba, hawa uku ne. Mu na ƙasa muna amsa kira. Sama da mu akwai shugabar ayari, tana kallon allon da ke nuna minti nawa kowa ya yi da mai kira. Minti shida aka ba mu, in ka wuce sai sunanka ya koma ja. Sai kuma sashen sama, ƙaramin sashen da ke kula da waɗanda caca ta fi ƙarfinsu. Dokoki biyu ne ba a wasa da su. Ta farko, ba a maganar asusu da kowa sai mai shi. Ta biyu, in mutum yana so a rufe masa asusu ya hana kansa caca, sai ya faɗa da bakinsa a layin da ake naɗar murya cewa shi ne, kuma yana so. Matarsa ba za ta faɗa a madadinsa ba, ɗansa ma haka.

Da hantsi kiran ya shigo. Lambar wayar ta buɗe min wani asusu a allo, na ga sunan mutumin Nijar, shekarunsa kusan nawa. A ƙasa akwai bayanin abokan aikina uku da suka amsa shi a makon, dukansu abu guda suka rubuta: mai kira yana tambaya a madadin ɗan'uwansa, an ce masa sai mai asusu ya kira da kansa. Kowane kira bai kai minti biyu ba. A wajen kamfani wannan aiki ne mai kyau.

Ya fara da Turancinsa mai nauyin Faransanci. Yana da wani ɗan'uwa, in ji shi, abin nan ya shiga jikinsa, yana so ya san yadda ake tsayar da shi. Na fara karanta masa amsar da aka rubuta mana, sai na ji ya yi ajiyar zuciya ya ce a hankali, "Kai, wannan abu." Zuciyata ta yi fari. Wata bakwai ina jiran wanda zan yi wa Hausa a wannan kujera.

Na ce, "Sannu Alhaji. Ina kwana, ina gajiya?"

Sai ya ce, "Kai Bahaushe ne?"

"Mutumin Jos ne, Alhaji."

"A nan Greensboro kake zaune?"

Na ce i, a nan nake.

Ya ce, "To madalla. A gaida gida." Layi ya mutu.

Na zauna da abin sauraro a kunne kamar wanda aka watsa wa ruwan sanyi. Ni da na yi yawon ƙasashe, ni ne na manta cewa masu jin Hausa a garin nan ba su da yawa. Suna ɗaya ko biki ɗaya ya ishe mu haɗuwa. Mutumin ya daure ya kira baƙi har sau uku don ba su san shi ba, a karo na huɗu ya faɗa hannun ɗan gida.

Na tashi na sami shugabar ayarinmu, Madam Sheryl, wata Ba'amurkiya daga Pleasant Garden mai yawan shan shayi da ƙanƙara. Na nuna mata bayanan.

Ta ce, "Mista Yohanna, ai ya ce ɗan'uwansa ne. Ka san doka."

Na ce, "Madam, babu wani ɗan'uwa. Lambar wayarsa ce a kan asusun. A wajenmu dattijo ba ya buɗe baki ya ce ni na yi abin kunya, aron ɗan'uwa yake yi. A Yamai na sha ganin mutum da furfura yana sayen magani wai na maƙwabcinsa."

Ta yi dariya ta ce mahaifinta ma haka yake yi wa likita, kullum wani abokinsa ne ba ya iya barci. Sannan ta gyara zama. "To me kake so in yi? Ba zan rufe asusun mutum don kai ka ji a jikinka ba."

Na ce na sani. Abin da nake tsoro shi ne Juma'a. Duk Juma'a na'ura takan aika wa masu asusu saƙon garaɓasa saboda wasannin ƙarshen mako, ba ta san wanda ke neman ƙofar fita ba. Na roƙi abu biyu: a tsayar masa da saƙonnin talla, a kuma aika masa gajeren saƙo da Faransanci cewa akwai layin Faransanci, kuma duk ma'aikacin da ya fitar da sirrin mai kira zai rasa aikinsa. Ta kira sashen sama a gabana. Suka yarda da duka biyun. Na kuma roƙi in ya kira a tura shi wajen Madam Odette, 'yar Kongo da muke riƙe layin Faransanci tare, don kada ya sake cin karo da ni.

Alhamis bai kira ba. Ranar Juma'a wajen ƙarfe uku na rana ya kira, Madam Odette kuwa tana kan wani kiran. Kiran ya faɗo kaina. Na amsa da Faransancin otal, wanda ba ya nuna garin kowa.

Ya ce, "Kai ne na ranar Laraba?"

Na ce ni ne. Na ce in yana so ya jira abokiyar aikina, zan haɗa su.

Ya ce, "Bari. Mu ci gaba a haka." Wato da Faransanci.

Ya sake ɗauko ɗan'uwan nan. Wannan karon ban karanta masa komai ba, na bar shi. Ɗan'uwan direban babbar mota ne, mutumin kirki, mutane suna kawo masa rigimarsu ya raba. Wani abokin aiki ne ya sa masa abin a waya, wai don nishaɗi a hanya. Yanzu ko a sahun salla in wayar ta motsa a aljihu hankalinsa ya tafi. Yau bayan an idar da Juma'a, kafin ya shafa addu'a, sakamakon wasa ya fara dubawa. Sunana ya daɗe da komawa ja a allo. Madam Sheryl ta zo ta tsaya a bayana, ta dubi lambar, ta koma ta cire ni daga jerin masu jiran kira.

Na ce, "Wannan ɗan'uwa, me yake so?"

Ya ce, "Yana so ya huta."

Na ce, "To ga yadda ake yi. Zan karanta tambayoyi, ba sai an yi dogon bayani ba. I ko a'a ya isa. Amma mai asusun ne kawai zai amsa."

Na karanta ta farko: shin kai ne mai wannan asusu? Na ji ƙarar motoci a bayansa, da alama a gefen titi ya tsaya. Ban taimake shi ba, don a wannan ba a taimaka wa mutum.

Ya ce, "Ni ne."

Sauran suka zo da sauƙi. Ya faɗi sunansa da ranar haihuwarsa. Na gaya masa zai iya zaɓar wa'adi na shekaru ko na har abada, kuma in ya zaɓa ba a warwarewa ko da ya dawo yana roƙo. Ya tambaye ni wanne zan zaɓa. Na ce doka ta hana ni zaɓa masa. Ya ce, "Na har abada." Na haɗa shi da sashen sama suka kammala, suka ba shi lambar masu ba da shawara. Na zauna a layin har ƙarshe.

Da aka gama, sai ya juya Hausa da kansa. "Malam, kana da iyali?"

Na ce ina da su, har da jikoki.

Ya ce, "Allah Ya rufa maka asiri kamar yadda ka rufa min."

Na ce amin.

A ƙarshen kowane kira na'ura takan nemi mai kira ya ba mu taurarin yabo. Bai ba ni ko ɗaya ba, ya ajiye wayarsa ya tafi. A rahoton makon ni ne na ƙarshe a sauri.

Abin da nake gaya wa sababbin ma'aikata ke nan. Abokan aikina uku ba su yi laifi ba, dokar suka bi, kuma doka ce mai kyau. Ni ma da na yi masa Hausa alheri na nufa. Dukanmu huɗu mun amsa abin da ya faɗa, ba wanda ya tsaya ya ji abin da ya kawo shi. Masu kiranmu yawanci kuɗinsu ne ya maƙale, ko sun manta lambar sirri, minti shida ya ishe su. Amma a cikinsu akwai wanda ya kira don ya fita, kuma shi ne zai fi kowa kewaye-kewaye. In kun ga lamba ɗaya ta kira sau uku a kan wani ɗan'uwa, ku bar allon ya yi jansa, ku tambayi lafiyar ɗan'uwan.