Kallabin da Makuba ta Rufe

Wata huɗu cur gidana da ke garin Isa yana warin makuba, kuma ba ɗaki ake wa daɓe ba. Da ɗaki ne da na yi haƙuri. Wani fallen katako ne mai faɗin ƙyaure, da ɗiyata ta jingine a rumfar da nake shan iska, ta ce shi ne aikinta na gama karatun zane-zane a jami'a.

Wanda bai tashi a ƙauye ba zai tambayi mece ce makuba. Ɓawon ɗorawa ne ake jiƙawa har ya saki wani ruwa ja mai duhu, mata su riƙa yayyafa wa ƙasan ɗaki suna bugu har ya yi tauri ya yi sheƙi. Mu tun da siminti ya zo muka yi sallama da wannan wahala. Na tura yarinya karatu don ta wuce inda muka tsaya, sai ga ta ta dawo mini da buhu biyu na ɓawon ɗorawa, ta kuma ƙwace babbar robar wankina ta jiƙa su a ciki.

Ta yi mini bayani, na saurara don dole. Wai a wasu ƙasashen gabas ana shafa wa katako ruwan wata bishiya, shafi kan shafi, ana gogewa har ya yi ƙyalli, ita kuma tana so ta yi da namu na gida. Za ta kwaɓa laka mai laushi da makuba da ƙaro, ta shafa siriri, ya bushe a inuwa, ta goge da dutse, ta sake. Sau goma sha biyu, adadin shekarun da mahaifiyarta ta yi da rasuwa. A can ƙasa, kafin shafin farko, ta manna kallabin marigayiyar. In ta gama sai ta kankare tsakiya a hankali har kallabin ya ɗan leƙo.

"Haka tuna mutum yake, Baba," in ji ta. "Shekaru suna rufe shi, kai kuma kana tonowa."

Na san kallabin nan. Kore ne, shi take ɗaurawa in za ta shiga girki, har da ɗan ƙonewa a gefe guda. Da na ji za a rataye shi a wani zaure a Abuja, maza su tsaya hannu cikin aljihu suna kallo, sai raina ya ɓaci. Ba na so. Amma ban faɗa ba. Sai na koma faɗa a kan wari, da rumfata, da robata, da ƙudajen da suka tare a gidan.

Shafi uku na farko duk suka tsattsage. Ta yi kuka, sannan ta hau mota zuwa Tozai ta ɗauko yayata, wadda a ƙuruciyarta har daga Gangara ake zuwa neman ta in za a yi wa ɗakin amarya daɓe. Na ɗauka sauƙi ya zo, ashe masu kafiya ne suka zama biyu.

"Wa yak koya miki wagga ɓarna?" in ji Yaya, tun ba ta ajiye ƙullin kayanta ba. "Makuba ba ta son gaugawa. Ke kin jiƙa ta kwana biyu kina son ta yi miki aikin kwana bakwai."

"Gwaggo, a littafi an ce..."

"Littahin ya taɓa daɓe ɗaki?"

Haka muka kwashe watanni. Su yi faɗa da safe, da azahar in same su kai haɗe da kai suna guga da dutse ɗaya, in na sa baki su taru a kaina. Amma gaskiya aikin ya yi kyau. Katakon ya yi duhu mai zurfi, in ka tsaya gabansa kana ganin inuwar fuskarka. Ni kaina, da ba kowa a wurin, na sha shafa shi da tafin hannu.

Sai ranar kankarewa ta zo. Kwana uku ɗiyata tana murza tsakiyar katakon, Yaya tana zaune tana tsaki, tana cewa ba ta taɓa ganin wanda ya gama aiki ya koma ɓata shi ba. A rana ta uku koren ya fito, bai fi tafin hannu ba. Yaya ta daina tsaki. Ta daɗe tana kallo, sannan ta tambayi inda za a kai shi. Da aka gaya mata, ba ɗiyata ta kalla ba, ni ta kalla. Ni kuwa na duƙufa kan rediyona.

Washegari da hantsi ɗiyata ta tafi wurin kafinta karɓo akwatin da za a sa aikin. Ina kan tabarmata, taku uku da katakon, Yaya ta fito da ƙwarya cike da makuba mai kauri da tsumma a hannu. Ta tsaya a kaina.

"Kana da magana?"

Na murɗa rediyo kamar ina neman tasha. Ta tsoma tsumman ta shafa, ta jira ya sha, ta ƙara, ta ƙara. Na san makuba in ta shiga tufa ba ta fita. Ina gani koren ya dushe, kuma Allah ya sani sanyi na ji a raina.

Ihun da ɗiyata ta yi da ta dawo har maƙwabta sun leƙo. Ta durƙusa tana kankarewa da farce, amma tufar ta riga ta rine, ta zama ɗaya da sauran.

"Ni nay yi," in ji Yaya. "Matar ƙanena ba ta taɓa hita kai buɗe ba. Kallabinta ba na kallon maza ba na."

"Uwata ce! Abin da ya rage mini ke nan!" Sai ta juyo kaina, ido jajir. "Baba, kana ina aka yi wannan?"

Na ce na zaga bayan gida.

Yaya ta dube ni sau ɗaya, ta shiga ta ɗaure kayanta. Kafin la'asar ta kama hanyar Tozai.

Abin haushi, aikin ya tafi Abuja a haka, kuma aka yaba. Wai malamanta sun ce tabon duhun nan na tsakiya ya fi komai magana. Mutanen boko ke nan, ka ɓata abu su tafa maka. Ɗiyata dai yabon bai wanke mata zuciya ba. Sallah biyu ke nan ba ta gai da gwaggonta ba, ko a waya. Ni kuwa kullum sai ta kira ni, ta tambayi ƙafata, ta tambayi ko na ci abinci, in amsa mata da murya mai daɗi kamar mutumin kirki.

Watan jiya na je Tozai. Idon Yaya ya yi rauni, sai da na yi magana ta gane ni. Ta tambayi yarinyar, ta tambayi ko ta samu aiki, ko ta yi ƙiba. Na ce mata na gaji da abin nan, in na koma zan gaya wa ɗiyata gaskiya, cewa ina zaune aka yi.

"Ba ka hwaɗa mata komi," in ji ta. "Ta rasa uwa, kak ka sa ta rasa uba. Gwaggo ana iya zama babu ita."

Na yi ta faɗa, na ce ba ita za ta tsara mini yadda zan yi da ɗiyata ba, ni ba yaro ba ne. Ta bar ni na gama, sannan ta sa aka kawo mini fura. Na sha, na hau mota na dawo gida, kuma har yau ban faɗa ba.