Kwalbar da Gwaggo ta Kawo Dubiya

Shekarar da na gama bautar ƙasa na dawo gida Tudun Wada ina jiran aiki, a shekarar aka yi wa Inna aikin maƙoƙo. Ya daɗe a wuyanta, tun ina firamare take rufe shi da mayafi. Sai da ya fara danne mata numfashi in ta kwanta sannan ta yarda aka kai ta asibiti. Bayan aikin likita ya kira ni gefe, da yake ni ne wanda ya yi karatu a gidan, ya ce sun cire abin gaba ɗaya. Ya ce tsokar nan ta gaban wuya ita ke haɗa wani sinadari da jiki ke tafiya da shi, tunda yanzu babu ita, wata 'yar farar ƙwaya ce za ta tsaya a madadinta. Guda ɗaya kullum da safe, kafin a ci komai, har iya rayuwa. Na rubuta a bayan katin asibiti, na karanta masa don in tabbata ban yi kuskure ba. Tarihi na karanta a jami'a. Ban san komai a kan jikin mutum ba, kuma rashin sanin nan bai bar ni na sake ba ko sau ɗaya.

Ni ne ɗan fari, Inna kuwa tana da kunyar ɗan fari irin ta mutanen da. Ba ta kama sunana, ba ta zama hira da ni. In tana son in ji magana sai ta faɗe ta tana kallon bango, wai a gaya wa mutumin nan abincinsa na zaure. Ni ma a haka na tashi, ban iya tsayawa gabanta in ce yi kaza ba. Don haka na ajiye kwalin maganin a gefen dardumarta, na rubuta ranaku da fensir a jikin takardar ƙwayoyin, na ɗauka na sauke nauyi.

'Yan dubiya suka yi ta zuwa da lemo da madara da sabulu. A mako na uku Gwaggo ta zo daga Tudun Jukun. Yayar marigayi Babanmu ce, kuma tun rasuwarsa maganarta ce ke yanke hukunci a gidanmu. Ta kwance bakin zaninta ta fito da wata 'yar kwalba mai ruwan ƙasa, ta ce a wani kemis na unguwar Kongo ta saya, aidin ne. Ta ji a rediyo an ce rashinsa ke kawo maƙoƙo, to ga shi nan tsantsa, a riƙa ɗigawa a ruwa ana sha. Ina tsakar gida ina ji. Na tuna ni ma na taɓa karanta wani abu mai kama da haka game da gishiri, sai na ce a raina wataƙila ba zai yi illa ba. Abin dubiya kuma ba a mayar da shi. 

Ban iya cewa ga ranar da abin ya fara ba. Na dai lura Inna tana komawa barci da hantsi, ita da ba ta zama. Ana tsakiyar zafin bazara ta sa rigar sanyi. Fuskarta ta ɗan kumbura, muryarta ta yi kauri, in maƙwabciya ta yi sallama sai ta jima kafin ta amsa. Na ce ko gajiyar aiki ce. Wata rana ta fita barka, na shiga ɗakinta kamar ɓarawo na buɗe kwalin. Ƙwayoyin na nan ba a taɓa su ba tun washegarin zuwan Gwaggo. Kwalbar kuwa ta kusa rabi.

Mako uku na yi da wannan sanin a cikina, kuma har yau ina jin nauyinsa. Na yi ta bincike a waya. Wani shafi ya ce aidin na da amfani, wani ya ce yana iya rikita masu ciwon wuya, wani ya ce wanda aka cire wa tsokar ba abin da zai yi masa. Na fi yarda da na ƙarshe, amma sai in ce to ni wa, da digirin tarihi? Na taka har Kongo na nuna wa mai kemis hoton kwalbar, ya ce ai ƙarin lafiya ne kawai, ya juya ga mai sayen maganin mura. Na matsar da kwalin kan filon Inna, na dawo na tarar an mayar da shi gefen darduma. Sau biyu ina zuwa gidan Gwaggo, in gaishe ta, in sha fura, in tambayi jikokinta, in taso ban ce komai ba.

A zuwa na uku na daure. Ban ce maganinta ba shi da kyau ba. Cewa na yi ranar komawa asibiti ta yi, kuma ina ganin zai fi dacewa babbar mace ta raka Inna, ba ni ba. Ta dube ni ta ƙasan ido.

"Ɗan boko, kewaye-kewayen me kake yi? Kwalbata ce ta tsone maka ido."

Na ce a'a Gwaggo, ba haka nake nufi ba, sai dai kamar Inna ta ajiye na asibitin.

"Ni na ce ta ajiye. Ba a gama magani biyu a ciki ɗaya. Kuma maganin da ba shi da ranar gamawa ai ba magani ba ne, ciniki ne."

 Na ce dai fuskar Inna ta kumbura, kuma tana jin sanyi da rana tsaka. Gwaggo ta murza carbi. Can ta ce in samo mai adaidaita ranar Talata.

A asibiti aka ɗebi jinin Inna, muka koma bayan kwana biyu. Likita ya dubi takardar gwajin. Gwaggo ba ta jira an tambaye ta ba, ta ajiye kwalbar a kan teburinsa ta yi bayani tiryan-tiryan. Bai yi mata faɗa ba. Ya ce abin da ta ji a rediyo gaskiya ne ga mai tsokar a wuyansa, amma ita wannan baiwar Allah an cire mata.

"Hajiya, hatsi kika kai niƙa, alhali an ɗauke injin. Ƙwayar nan ita ce garin, an riga an niƙa."

Ya ƙara da cewa da an ci gaba a haka wata da watanni, abin zai iya kai wa ga zuciya. Sannan ya juyo gare ni, ya tambaye ni tun yaushe na sani. Na ce mako uku, ko da ɗan ɗori. Ya ce ni da ya yi wa bayani, na rubuta a gabansa? Na sunkuyar da kai. Inna na gefe ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

"Likita, ɗan farinta ne," in ji Gwaggo. "Ba ya iya mata magana. Ni za ka yi wa faɗan."

Ba ta ba kowa haƙuri ba, ba halinta ba ne. Daga asibitin ta wuce gidanmu, ta aika aka kawo mata kayan sawa, ta zauna kwana goma. Ana idar da sallar asuba take ɓallo ƙwayar ta miƙa wa Inna, ta tsaya a kanta har ta haɗiye, sannan ta hana a kawo koko sai rana ta fito sosai. Inna ta ce Yaya ai na ji, ba sai kin tsare ni ba. Gwaggo ta ce da ma jin maganarta ne ya kawo mu nan.

Sauƙin bai zo da wuri ba. Kullum ina leƙen fuskar Inna daga zaure, wata rana in ga kamar kumburin ya sauka, washegari in ga kamar idona ne. Sai wajen wata biyu, da aka sake gwajin jini, likita ya ce an kusa daidai, ya ɗan gyara ƙarfin ƙwayar. A makon ne na ji ta tana yi wa mai kayan miya tsiya a ƙofar gida da muryarta ta da.

Daga baya na sami koyarwa a wata makaranta a Hanwa, ina fita da sassafe kafin Inna ta buɗe ƙofa. Ita da Gwaggo suna waya kowace safiya, don haka Gwaggo nake kira in na sauka daga mota. Ba ta bari in gama gaisuwa. Sai ta ce Inna ta sha ƙwayar, in je in koya wa 'ya'yan mutane tarihi in bar ta ta karya.