Zanen da Ango Ya Ɗaura a Ƙarƙashin Ruwa

Wanda ya shiga kasuwar Lolo ta wajen 'yan kifi zai ga wani dattijo baƙi, siriri, zaune a rumfar zana yana ɗinkin koma, ragar kamun kifi. Ango ke nan. Kada ka wahalar da bakinka da sallama, ba ya ji. Kuma ba da kurumta uwarsa ta haife shi ba. Waɗanda suka jawo masa ita har yau suna wucewa ta gabansa suna nuna shi da leɓe.

Basarke ne, iyaye da kakanni duk masunta a kogin Kwara. Tun yana saurayi aka gane numfashinsa a ƙarƙashin ruwa ya fi na kowa tsawo, don haka duk wanda ruwa ya ci, daga nan har tsallaken Benin, shi ake zuwa kira. Ba shi ya zaɓi aikin ba. Ranar farko dai aka ce "Ango, taimaka," ya taimaka, shi ke nan ta zauna masa.

Abin da mai nutso ya sani, na tudu bai damu ya sani ba, shi ne ruwa ba ya mayar da mutum da suturarsa. Namiji ya kan fito da ɗan wandonsa. Mace kuwa, igiyar ruwa ke kwance mata zane tun ba ta kai ƙasa ba. Saboda haka Ango bai taɓa fito da gawa a kwata ba, inda jirage ke tsayawa jama'a ke taruwa. In ya samo mutum, sai ya ɗaure shi da igiya a ƙarƙashin cikin jirgi, ya hau ya zauna kamar bai ga komai ba. Usuman, taubashinsa mai tuƙa masa jirgi, ya ja su a hankali zuwa wani lungu bayan doguwar ciyawa. Can Tasallah, matar Ango, ke jira da zane a hannu.

"Kai dai mugu ne, Ango," in ji Usuman wata rana suna tafe da gawa a ƙarƙashinsu. "Bayin Allah sun baro gonakinsu, suna tsaye cikin rana tun hantsi, ka hana su ganin ko ɗan yatsa."

"Su tahi gida su kalli tsohhinsu. Amma kai, taubashi, ran da ruwa ya ci ka, bisa kwata zan shanya ka, kowa shi more wanga tumbi."

"Ruwa bai cin mai tumbi. Bisa nika yawo kamar gora."

Shekarar da aka fara shari'a, malaman gari suka matsa aka rufe ɗan gidan bidiyon da ke bayan tasha, makaɗa suka tattara ganguna suka koma tsallake. Tasallah har da cewa to, yanzu mutane za su koyi kawar da ido. Ina! Mutumin da zai tsare yarinya a hanya ya yi mata wa'azi don gyalenta ya zame, shi ne zai ture tsofaffi ya shiga gaba in aka ce ga matar wani can ruwa ya ci. Kallon bai ragu ba ko kaɗan, bakin kogi kawai ya koma. Da wayoyi masu ɗaukar hoto suka shigo, sai abin ya tashi daga a gani a tafi, ya zama a gani a ajiye a aljihu.

'Yarsu ɗaya ce, Munira. Tana aure a Geza, tana kai bandar kifi tsallake ta dawo da shinkafa. Ƙarshen wata damina, kogi ya cika ya batse, babban jirgin inji ya taso daga Benin ranar kasuwa da mutane da buhuna fiye da ƙarfinsa. Yana dab da kwata ya daki kututturen da ruwa ya ɓoye, ya kife a idon kowa. Munira na ciki.

Ran nan Ango ya fito da mutum tara, babu ita. Washegari da hantsi ya taɓa ta. A gindin wata tsohuwar bishiya da ta nutse take, can ƙasa inda ko shi ba ya son zuwa, saiwoyi sun riƙe mata ƙafa. Da munduwar da ya saya mata ta aure ya gane ta. Ya shafa, ya ji babu zane, babu riga.

Ya taso ya kama gefen jirgi, ya dubi lungunsu. An gano wurin. Samari sun tattake ciyawar, wasu sun hau bishiya, jirage biyar cike da 'yan kallo suna shawagi, har da waɗanda suka ƙetaro takanas daga tsallake. Tasallah na tsaye cikin ruwa zuwa gwiwa da zanenta, an kewaye ta.

Usuman ya miƙe cikin jirgi. "Jama'a, ku ji tsoron Allah! Ɗiyar mutumen ga ta. Ku ja baya!"

"Addu'a munka zo yi, Baba," in ji Shamsuddeen, ɗan wani mai shagon buhuna, wayarsa a sama.

"Da waya aka addu'a, ɗan nema? Ubanka haka ya koya ma?"

Aka yi dariya. Dariya fa, uwar yarinya na tsaye. 'Yan agaji uku suka zo da sanduna suka kori gefe ɗaya, ɗaya gefen ya cike. Ɗaya daga cikinsu ma yana kora yana leƙe.

Ango ya saki gefen jirgi. Ya yi iyo ya je wurin matarsa, ya karɓi zanen, ya ce ta ba shi mayafinta ma. Usuman ya ga ya dawo ya naɗa su a wuya ya ɗauki igiya, sai ya gane.

"Taubashi, wurin ga da zurhi. Sau guda ka je, idonka ya yi ja. Ka kwanto ta mu ja ta can ƙasa, nesa."

"Bin mu za su yi. Riƙe igiya."

Ɗaura wa mace zane a tudu ma sai da hannu biyu da natsuwa, balle a ƙasan kogi, cikin duhun laka, ruwa na fizge zanen yana fizge mai ɗaurawa. Nutso na farko ya kwance mata ƙafa ya ɗaure ta jikin saiwa. Na biyu ruwa ya ƙwace zanen, ya cafko shi da haƙori. Na uku ya zagaya mata shi, ya tamke da igiya a ƙirji. Da ya taso na huɗu, Usuman ya ga jini na bin kunnensa na hagu, ya kama hannunsa, Ango ya fizge. Ya koma ya ɗaure ƙugu. Ya koma ya ɗaure idon sawu. Na bakwai ya rufe mata fuska da mayafin uwarta, ya yi ƙulli a bayan wuya.

Sannan ya fito da ita, a kwata, a gaban kowa, abin da bai taɓa yi ba. Daga kai har ƙafa babu abin gani sai atamfa jiƙaƙƙiya da igiya. Wani daga baya har ya yi tsaki. Ango ya ga bakin Tasallah a buɗe, jijiyoyin wuyanta sun tashi, bai ji komai ba. Jini ta kunne biyu yake zuba.

An kai shi asibiti, aka ce dodon kunnen duka ya fashe, ruwan laka ya shiga, sai haƙuri. Bai ƙara nutso ba.

Da 'yan kallo suka rasa 'yar, sai suka koma kan uban. Hoton da Shamsuddeen ya ɗauka na mutum mai jini a kunne ya zaga wayoyi har Bagudo. Aka ƙaga cewa aljanun ruwa ne suka karɓi jinsa kafin su sakar masa gawa. Yanzu ranar kasuwa baƙi kan tsaya gaban rumfarsa, ba koma za su saya ba. Wani ya tafa hannu a bayan kansa don ya gwada ko da gaske ne. Manya da gemu ke wannan, ba yara ba.

Shi dai ɗinkinsa yake. Sai dai wani lokaci, in Tasallah ta kawo masa fura, ya kan riƙe hannunta ya yi tambaya da ƙarfi, irin na wanda ba ya jin muryarsa, har 'yan rumfar kusa su waiwayo.

"Tasallah, an gan ta?"

Ta girgiza kai. Ya dube ta sosai, ya tabbata, sannan ya saki hannun ya ɗauki allurarsa.