Garken da Ke Cikin Jinin Adda

A shekarun da na yi ina gwajin jini a wani asibiti a nan Potiskum, babu abin da nake lallaɓawa kamar wasu 'yan kwalabe da ke cikin firij. Antibodi ne a cikinsu, wani ruwa da ba ya son zafi ko kaɗan. Idan na ɗiga shi a jinin mutum, sai ya je ya manne wa wani furotin da ake kira CD4, wanda ke jikin wasu fararen ƙwayoyin jini masu tsare garkuwar jiki. An haɗa shi da launi mai ƙyalli, don haka idan na'ura ta haska, duk ƙwayar da ya kama sai ta nuna kanta a ƙirga ta. Masu cutar nan mai karya garkuwar jiki su ne ke zuwa wurina, su ji ko ƙwayoyinsu sun ƙaru ko sun ragu.

Ana nan sai jinin yayata ya zo hannuna. Adda muke ce mata. Mijinta ya rasu bayan doguwar jinya, ta dawo gidanmu a Dogo Tebo da tari da rama. Na duba abin da na'ura ta ƙirgo. Saura kaɗan ƙwayoyin su ƙare. Aka ɗora ta a kan magani, aka ce mu jira mu gani.

Innarmu Bafulatana ce, a ruga ta girma, kasuwancin shanu ne ya zaunar da mu a gari. Adda ce 'yar farinta, saboda haka ba ta kama sunanta, ba ta tambayar lafiyarta a gaban kowa. Wallahi abin yana ƙona mini rai. A ce 'yarki na ɗaki tana tari, ke kina tsakar gida kina tankaɗe kamar ba ki ji ba! Ban gane ba sai daga baya, ashe ta samo wata hanyar tambaya. Inna da ba ta taɓa damuwa da aikina ba, sai ta fara tsare ni da na dawo.

"Ke, wai wannan ruwan naku me yake yi?"

Na ce, "Inna, kin ga yadda ake shafa wa shanu fenti a kasuwar kara don a gane na wane? Haka yake yi wa ƙwayoyin, sai mu ƙirga."

"Daga ina ake samo shi?"

"Asalinsa daga jikin ɓera."

"Ɓera? Tir! Lalle boko bai da ƙyama."

Na yi dariya, ita ko murmushi ba ta yi ba. Ta juya baya tana gyara itace a murhu, ta ce, "To, garken waccan fa?" Na ce ya ragu ƙwarai. Ta ci gaba da gyaran itacenta.

Wata safiya ina tsakiyar aiki aka ce ina da baƙuwa. Ina leƙowa sai ga Inna, matar da ko allura ba a taɓa yi mata ba, ta hau keke napep ita kaɗai ta zo. Ta zauna a kujerar ɗiban jini, ta yaye mayafi, ta miƙo mini hannu.

"Ɗebi nawa ki zuba mata."

"Inna, ba a yin haka."

"Yo me zai hana? A rugarmu idan garken mutum ya ƙare, saniya ake ba shi aro har ta haifa masa, sannan ya mayar. Nawa suna da yawa, ban taɓa kwanciya ba. Ku shafa musu fentin don ku gane su, in sun hayayyafa ta dawo mini da su. In ba ta dawo da su ba ma, na yafe."

Na durƙusa na yi mata bayani, cewa jikin Adda ne kaɗai zai iya haifar nasa, magani kuma zai taimaka. Ta daɗe hannunta a miƙe, tana kallon bango. Da ƙyar ta janye shi, ta ce kada in kuskura in gaya wa kowa ta zo. Har yau ina ganin wannan siririn hannun, kuma ina kewarsa.

Inna ba ta ga ƙarshen daminar shekarar ba. Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki, wanda muka raina.

Bayan wasu watanni na sake gwada jinin Adda. Ƙwayoyin sun ƙaru, ƙaruwa ta gaske, har na maimaita don in tabbatar. Ban ma cire farar rigar aiki ba na tare keke napep, ina ce wa direban ya yi sauri. Na shiga gida da gudu, Adda ta tare ni a tsakar gida, na faɗa mata, ta rungume ni tana hamdala. Ni kuwa ta saman kafaɗarta nake ta leƙen ƙofar ɗakin Inna.