An Ce Ta Teku Zan Zo

Zariya zuwa Jidda, Talata

Ƙarfe huɗu na asuba muka bar ƙofar gidana a Tudun Wada, maƙwabcina ne ya ja motar. Mun yi sallah a Kwanar Dangora, muka wuce shingen 'yan sanda biyu da na sojoji ɗaya, bakwai saura kwata muna filin jirgin Kano. Jirgi ya tashi goma saura ashirin, muka sauka Jidda huɗu da rabi na yamma, agogonsu.

'Yata Rukayya ce ta shirya tafiyar. Ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti a can, kuma da na ajiye aikin koyarwa ta ce tukuicina shi ne kwana uku a jirgin ruwan shaƙatawa da ke zagaya Bahar Maliya. Ta aiko mini da tsarin komai a rubuce: kwana biyu a otal kafin jirgi, domin a cewarta, "Baba, jirgin ruwa ba motar tasha ba ce, ba ya jiran kowa." Bayan an sauka kuma umara, sai kwana ɗaya na yawon bakin teku. Gidan ma'aikata mata take zaune, namiji ba ya kwana, shi ya sa ta kama mini ɗaki a wani ƙaramin otal a Ruwais, kusa da tashar jiragen ruwa. Ta kuma ɗauki direba guda na duka kwanakin, tunda ita tana bakin aiki har ranar tashi.

Sunan direban Bakur, mutum mai kimanin shekara hamsin, haifaffen Jidda, kakansa Bakatsine ne da ya zo aikin hajji a ƙafa. Na hango shi riƙe da takarda mai sunana. Na ɗaga masa hannu, sai na ga takardar ta suɓuce masa ta faɗi. Bai sunkuya ya ɗauka ba. Leɓɓansa ne kawai ke motsi.

"Lafiya dai?" na ce.

"Lafiya, ya ammi," ya ce, wato baffa da Larabci. "Yalla, mu je, mota tana can."

Tafiyar minti talatin da biyar muka yi, rabinta idonsa yana kan madubi, yana kallona. Dab da otal ya ce, "Kana da ɗan'uwa a nan?" Na ce ba ni da kowa sai 'yata.

Ruwais, Laraba

Da safe na karya da wake dafaffe da gurasar tanda, wadda suke kira tamis. Tara daidai Bakur ya kai ni tsohon gari, na ga dogayen gidajen dutsen teku masu tagogin katako, na sayi turare da dabino. Sha biyu da kwata ya maido ni otal, ya ce zai jira a mota. Na ce masa ni masallacin unguwa zan taka in yi azahar. Ya buɗe baki kamar zai hana ni, sai ya fasa.

Rana ta take, lungun babu kowa sai kyanwoyi a ƙarƙashin motoci. Wata mata baƙar fata da ke sayar da gyaɗa a bakin wata ƙofa ta ɗago ta dube ni. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta shige gida da baya, ta bar farantinta a waje. Gaba kaɗan wani tela ya daina taka keke. Ina wucewa na ji ya jawo ƙofar shagonsa a hankali. Na duba rigata, na shafa fuskata, ban ga abin da ya same ni ba.

A masallaci abin ya fi tsanani. Aka ta da sallah na shiga sahu na biyu, sai na ga na damana ya matsa, na haguna ma ya matsa. Shekara sittin da biyu ina sallar jam'i, ban taɓa tsayuwa da giɓi hagu da dama ba sai ranar. Da aka sallame, wani dattijo ya rarrafo ya kama hannuna. Ba gaisuwa yake yi ba, matsa shi yake yi kamar mai duba ko da ɗumi.

"Da rai," ya ce wa na bayansa da Hausa. "Wallahi da rai."

Bakur na tsaye a bakin ƙofa, ashe ya biyo ni. Ya ja ni inuwa ya ciro wayarsa.

"Ka yafe mini, ya ammi, tun jiya na kasa faɗa maka. Kwana goma sha tara ke nan da muka yi wa wannan mutumin sallah a masallacin nan. Ni na kama makararsa."

Na karɓi wayar. Ni ne a ciki, sanye da farar jallabiyar da ban taɓa mallaka ba, a ƙofar wani shagon kayan ƙarfe da ban taɓa gani ba. Wushiryata, faɗin goshina, har yadda kafaɗata ta hagu ke ɗan sauka.

"Sunansa Idris," in ji Bakur. "Shagonsa yana bayan otal ɗinka. Babansa ɗan dako ne a tashar jiragen ruwa, ya daɗe da rasuwa. Musa Bazazzagi ake ce masa."

Na zauna a kan dakalin masallaci. Musa sunan mahaifina. Ina cikin ciki wata shida ya tafi hajji ta ƙasa, shi da ƙanensa Garba, ba a sake jin ɗuriyarsu ba. An yi musu sadakar mutuwa tun ban yi wayo ba. Mahaifiyata ba ta ƙara aure ba har ta koma ga Allah.

Bakur ya ce mahaifiyar Idris tana raye, Hajja Hawwa, tana unguwar Kurayyat a nan Jidda wajen 'yarta Amina, idonta ya tafi. Ya buga wa Amina waya a gabana, suka yi ta Larabci, sannan ya jira. Da ya kashe wayar ya dube ni.

"Tsohuwa ta tambaya ta ina ka shigo. Aka ce ta jirgin sama. Ta ce to ba kai ba ne, kada a kawo ka. Nata baƙon ta teku zai zo."

"Ka gaya musu gobe zan shiga jirgin ruwa?"

"Wallahi ban faɗa ba."

Tashar jiragen ruwa da teku, Alhamis zuwa Asabar

Sha ɗaya da rabi muka ɗauki Rukayya, sha biyu da minti goma muna Tashar Jiragen Ruwa ta Jidda. An duba fasfona da iƙamarta, wato katin zamanta a ƙasar, sau biyu, aka karɓi akwatuna, aka ba kowa katin da ke buɗe ɗakinsa. Motar da ta kai mu gindin jirgi ta ratsa tsakanin rumbunan kaya. Na yi ta kallon 'yan dako ta taga, ina tunanin a nan mutumin da na yi wa addu'ar mamaci tun ina yaro ya yi ta ɗaukar buhuna yana raye.

Jirgin ya fi kowane bene a Zariya tsawo. Biyar na yamma ya tashi. Sai da gari ya ɓace mana na nuna wa Rukayya hoton, wanda Bakur ya turo mini. Ta yi dariya ta ce yaushe na sayi jallabiya. Da na ba ta labari, ta ajiye kofin shayinta, ba ta ƙara taɓa shi ba.

"Baba, in ba ka son zuwa, mu bi tsarinmu kawai. Ba dole."

Gaskiya ban so zuwa ba. Haushi nake ji. Na tuna mahaifiyata tana tsintar tsakuwa a shinkafar mutane don ta saya mini littafi.

Juma'a muka tsaya Yanbu, muka zaga tsohuwar kasuwa, muka ci shinkafa da kifi, huɗu muka koma. Asabar kuwa yini guda a kan ruwa. Bayan azahar na hau can sama ni kaɗai, mutane duk sun gudu ciki wajen sanyin na'ura. Teku ya kwanta lumui kamar an shafe shi da hannu, ba tsuntsu, ba iska, ba gaɓa ta kowane gefe. Ina jingine da ƙarfe sai na ji an kira, a hankali, daga bayana: "Idris." Na juya kafin in tuna ba sunana ba ne. Babu kowa sai kujeru jere da ƙofar gilashi, ga wani mutum a cikinta yana kallona. Na san inuwata ce. Duk da haka na daɗe kafin in iya ɗaga hannu in ga ko zai ɗaga. Wataƙila ƙarar injin ce ta yi mini gizo a kunne. Abin da na ji ke nan dai na rubuta.

Da magariba na yi wanka na ɗaura harami, domin jirgin zai gifta saitin miƙati kafin gari ya waye, mu kuma daga tasha Makka muka nufa.

Kurayyat, Lahadi

Takwas na safe muka sauka. Tikitinmu na jirgin ƙasa na sha ɗaya ne. Bakur ya gan ni cikin fararen mayafai biyu, ya kau da kai ya yi salati.

"Amina ta kira tun asuba," ya ce. "Tsohuwa ta sa an share ɗaki, ta ce yau baƙonta zai sauka. Ni ban gaya wa kowa ranar dawowarku ba."

Rukayya ta dube ni. Na ce ta mai da tikitin na la'asar.

Minti ashirin ne daga tasha, kudu, ta cikin manyan motocin kaya. Gidan yana hawa na biyu. Amina ta buɗe ƙofa, ta ga fuskar yayanta da aka binne, a naɗe cikin farin ƙyalle. Ta dafe bango ta sulale ƙasa, Rukayya ta tare ta. Daga cikin ɗaki wata murya ta ce, "Ku bar shi ya shigo. Na ji tafiyarsa."

Hajja Hawwa 'yar ƙaramar tsohuwa ce a kan katifa, idanunta fari fat. Na durƙusa na gaishe ta. Ta laluba fuskata da yatsu, daga goshi zuwa haɓa.

"Kana warin teku," ta ce. "Ba Idris ba ne, na sani, Idris na wurin Ubangijinsa. Kai ne ɗan Ladidi."

Ladidi sunan da ake kiran mahaifiyata da shi a ɗakin aurenta. Ba ya cikin fasfo, ba ya cikin kowace takarda, Rukayya ma ba ta san shi ba.

Na ce, "Hajja, me ya hana mahaifina komawa?" Muryata ta fi ƙarfin yadda na so.

Ba ta yi fushi ba. Ta ce a ƙaramin jirgin katako suka ƙetaro daga Sudan, cunkushe. Tsakiyar ruwa Garba ya faɗa, Musa ya kama hannunsa, hannun ya zame. Uwarsu kuwa ranar da za su bar Zariya ta ce masa a bakin ƙofa, "Amanar ƙanenka a hannunka." Ya sauke farali, ya kasa juyawa gida. Bana ya ce baɗi, baɗi ya ce baɗin baɗaɗa, har takardunsa suka mutu, har ya aure ta.

"Kullum jirgin alhazai ya tsaya, sai ya ajiye kaya ya je yana duba fuskoki. Ya ce ya bar ciki a Zariya, kuma jikinsa na ba shi abin da ke cikin nan zai biyo shi ta ruwa. Ranar da zai cika ya ce mini, 'Hawwa, in ya zo, kada ki ce ya yafe mini. Ki dai ba shi ruwa ya sha a gidana.' Amina, kawo ruwa."

Amina ta kawo a kofin silba. Na riƙe shi na daɗe. Sannan na yi bismilla na shanye.

"Halas, shi ke nan," in ji tsohuwar, ta koma ta jingina. "Na sauke."

Makka, da komawa gida

Huɗu da rabi jirgin ƙasa ya tashi, ƙasa da awa ɗaya muna Makka. Na yi umarata, na yi wa mahaifiyata addu'a, na yi wa Garba, na yi wa Idris. Ta Musa kuwa ban iya yin ta ba sai a zagaye na shida na ɗawafi.

Litinin muka soke yawon bakin teku. Bakur ya kai ni maƙabartar Jidda da aka binne Idris, inda kaburbura ba su da suna, sai ƙananan duwatsu. Ya nuna wani sashe da hannu ya ce, "Wajen nan ne, ya ammi, iyakar sanina." Na tsaya a wajen nan ɗin. Da yamma Amina ta aiko mini da hoton mahaifinmu guda ɗaya da suke da shi, ta ce in riƙe, ni ne babba.

Talata tara na safe jirgi ya tashi, la'asar ina Zariya. Ban sauka gidana ba, na wuce cikin birni wajen Gwaggo Asabe, ƙanwar mahaifina, wadda ita kaɗai ta rage a ɗakinsu. Na ba ta labari tun daga farko, ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce, "Ya yi furfura?" Rabonta da shi tun yana matashi.

Na miƙa mata hoton. Ta kai shi kusa da ido, ta dube shi, ta dube ni, ta sake duban sa.

"Ashe tsufansa nake gani kullum ka zo gaishe ni," ta ce, "ban sani ba."

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya kai ni Ya dawo da ni. Allah Ya yi wa Rukayya albarka, Ya saka wa Bakur da alheri, Ya jiƙan waɗanda ke ƙasa da wanda ke cikin ruwa.