Ta Kai Mu Ruwan Kafin Ta Tafi

Da safiyar Talata, sha biyu ga Agusta, Gwaggo ta rasu a ƙauyenmu da ke cikin hamada, a ƙasar ƙabilarmu ta Anangu, 'ya'yanta mata na kewaye da ita. Ba zan rubuta sunanta ba. Mun daina faɗarsa kamar yadda ake ajiye sunan mamaci a al'adarmu, masu suna irin nata ma daga yau Kunmanara za a riƙa kiransu.

Gwaggo, na yi kuka, amma ba zan ɓoye miki ba, hankalina a kwance yake. Mun kai a kan lokaci.

Ke kaɗai kika rage cikin waɗanda suka san idon ruwan mata da ke bayan tuddan yashi, inda kika sha kina yarinya kafin a kwaso ku zuwa mishan. Tafiyar kwana biyu ce a mota, babu hanya. Shekara uku muna neman tallafin kula da ƙasa don mu samu mota da mai mu je tare da ke. Shekara uku ofishin rabon tallafin yana dawo mana da takardarmu saboda gurbi ɗaya da muka bari fayau, inda aka ce a nuna wurin a taswira.

Ni ce mai cike takardun. Na rubuta musu da ladabi, na rubuta da tsiwa, cewa wurin na mata ne, ba a ɗora shi a takardar da kowane namiji zai buɗe. Suka amsa a shafi huɗu cewa suna matuƙar mutunta al'adarmu, amma cike gurbin dole ne. Ban yafe waɗannan shekarun ba.

Da tarinki ya tsananta, tsoro ya kama ni. Na kawo miki taswira na ce ki ɗiga ko'ina, ba wanda zai je dubawa.

Kika ce, "Karatun da aka tura ki birni ke nan? Ƙarya a kan ruwa? Ran da wani ya bi ɗigon naki da ƙishirwa, ke za ki je ki shayar da shi?"

Na ce, "To Gwaggo, sai ki tafi da shi a ciki?"

Kika ce, "Ƙara mini sukari a shayin nan, uwar surutu. Ki ce su turo mace ta gani da idonta, ta bar wayarta a gida."

Abin da duk karatuna bai ba ni ba ke nan. Suka yi ta ja, daga baya suka yarda. A watan Mayu, farkon sanyi a wajenmu, muka tashi mu shida, har da Bronwyn, ma'aikaciyar da suka turo. Kina gaban mota, ido ya yi rauni, amma kina ƙirga tuddai, kina sa mu cinna wa ciyawa wuta kaɗan-kaɗan, irin wutar lokacin sanyi da ke rarrafe ta mutu da kanta. Da muka isa, sai da kika ɗaga murya kika gaya wa wurin ko su wa kika kawo. Muka janye mushen wani raƙumi da ya toshe idon ruwan, muka tona yashi har kafaɗa. Ruwa ya tsattsafo. Kika rera waƙar wurin, kika sa 'yarki Tjunkaya da jikarki Imuna suka yi ta maimaitawa har muryarsu ta dishe.

Jiya ofishin ya nemi hotonki don rahotonsu. Na ce ba a nuna fuskar mamaci. Wannan karon layi ɗaya na rubuta.

Sati biyu kafin rasuwarki, Tjunkaya ta jagoranci matanmu suka koma wurin ba tare da ke ba. Ba su ɓata ba. Ta kawo miki ruwan a kwalba, kika kurɓa, kika ce, "Shi ne. Sai dai ba ku tace da kyau ba."

Allah ya jiƙanki, Gwaggo, ya sa kin huta, ya shayar da ke kamar yadda kika shayar da mu. Tjunkaya, Imuna, da duk dangi da ke zaman makoki, Allah ya ba ku haƙuri. Hanyar tana hannunku yanzu.