Mai Mita Yana Neman Layin Da Ake Gaisawa

Shekara talatin da ɗaya Mai Mita ya yi yana bin gida-gida yana karanta mitar wuta. Bisa lissafinsa, ya kashe takalma arba'in da bakwai, kare ya cije shi sau shida, an ce masa "maigidan ba ya nan" alhali yana jin tarin maigidan sau dubu biyu da ɗari uku. Ba shi ke yanke wuta ba. Shi dai ya rubuta lambar gida a littafi, bayan kwana biyu masu tsani su zo. Amma wa ke da lokacin bambancewa?

Da ya yi ritaya, ma'aikata ta yi masa babbar karramawa: agogon bango guda, da takardar cewa ya bar gidan ma'aikata cikin kwana talatin.

'Yarsa ta fari, likitar haƙori, ta ce ai abin ya zo da sauƙi. Akwai ɗakuna biyu a bayan gidanta, a sabuwar unguwar can bayan gari inda katanga ta fi bishiya tsawo. Mai Mita ya je ya gani. Ya zauna a bakin ƙofa tun daga karin kumallo har rana ta take: mota sittin da uku, mai tafiya a ƙafa ɗaya, shi ma ya toshe kunne da waya. Daga nan zuwa shago mafi kusa taku dubu huɗu da ɗari biyu.

"Baba, ai mota za ta kai ka duk inda kake so."

"Ƙafafun fa? In sa su a firji?"

Ta yi dariya irin wadda take yi wa mai tsoron allura. Ta ce ta riga ta yi magana da mai motar kwasar kaya, har labule ta saya. In wata ya ƙare bai sami gida ba, can motar za ta nufa, shi da Mama a gaba.

Mutumin da ya yi rayuwarsa duka a ƙafa, yau za a ajiye shi bayan katanga kamar tsohon janareto. Ya ɗauko sabon littafi ya ja layi. Shago, kada ya wuce taku ɗari biyu. Masallaci, ɗari biyu da hamsin. Kemis, ɗari uku. Mai aski, ɗari huɗu. Sai babban sharaɗi: in ya bi layin daga wannan baki zuwa wancan, a gaishe shi aƙalla sau ashirin. Ya sa tsohuwar shuɗiyar rigarsa ta aiki, domin ita ce mai aljihun biro, ya maƙala littafi a hammata, ya bi dillalin gidaje.

Dillalin mutum ne da komai a wurinsa "nan kusa ne, minti biyu". Mai Mita ya auna minti biyun, ya same su taku dubu ɗaya da ɗari tara. Gida goma sha huɗu suka duba. Wani layin ba gefen da mai ƙafa zai bi, sai dai ya roƙi babura arziki. Wani gidan an ce yana kallon lambu, kuma gaskiya ne, in ka hau kan tankin ruwa. Zuwa rana ta ashirin da shida, saura gida biyu a littafin, kowanne a layinsa.

A layin farko, tun bai yi taku goma ba aka fara. "Sannu da aiki, ranka ya daɗe!" "Oga, ya ƙoƙari?" Wani mai shago ya fito da kujera har yana goge ta da hularsa. Aka kawo ruwan sanyi. Wani ya nemi ya riƙe masa littafin, kada ya gaji. Duk sa'ad da Mai Mita ya ɗaga kai zai kalli falwaya, abin da wuyansa ya saba, sai wani ya sha gabansa yana tambayar lafiyar iyali. Gaisuwa arba'in da ɗaya. Ya ja layi biyu a ƙarƙashin lambar.

A layi na biyu kuwa, shigarsa ke da wuya rediyo ta mutu, keken tela ya tsaya, tagogi suka rufe ɗaya bayan ɗaya. Benci uku, ba kowa a kai, ga kofunan shayi suna tururi. Wata mata ta watsa ruwan wanke-wanke taku ɗaya daga takalminsa. Gaisuwa biyu, ɗaya ma atishawa ce ya ƙirga don adalci.

Ya koma gida yana tafe kamar wanda aka ƙara wa girma. Matarsa tana tsakiyar kwalaye tana naɗe kofunan gilashi.

"Maman yara, an gama. Arba'in da ɗaya! Mutanen nan kamar ciki ɗaya muka fito."

Ba ta ɗaga kai ba. "Malam, wace riga ka sa?"

"Wannan mana."

"Da littafi?"

"Da littafi."

"Kana ɗaga kai kana kallon wayoyi?"

Ya shafa wuyansa.

"Shekara talatin da ɗaya kana aikin nan, ka taɓa ganin wanda ya ce maka ranka ya daɗe don Allah? Mutum ya goge maka kujera da hularsa, ba ka tambayi kanka wace wayar sata ya ja ta bayan mita ba? Cire rigar nan, ina da faranti shida da ba su da abin naɗewa."

Washegari ya fita da farar riga ta zaman gida, ba littafi, yana ƙirga da yatsu. A layin farko, mai shagon jiya ya dube shi kamar yadda ake duban bango. Gaisuwa ɗaya ya samu, daga wani da ke so ya matsa ya ajiye babur. 'Yan'uwan ciki ɗaya sun yi saurin raba gado.

Ya ja ƙafa zuwa layi na biyu, saura kwana uku, yana ganin labulen 'yarsa a idonsa. Sai ya tarar kamar an canja layin. Bencin nan uku sun cika, mai aski yana gardama da mai kemis daga tsallaken hanya, tsofaffi biyu suna musu kan wanda ya fi ciwon gwiwa. "Sannu, Malam." "Barka da hantsi, Baba." Ya kai gaisuwa tara, zuciyarsa ta fara dawowa, sai wuyan nan ya ci amanarsa. Ya ɗaga kai ya kalli falwaya.

Keken tela ya tsaya.

"Ku tsaya, jama'a!" in ji telan. "Na san wuyan nan. Wallahi Mai Mita ne, ya yi ɓad-da-kama!"

Kafin ya ce ya yi ritaya, an kewaye shi. Da suka ji ritayar kuwa, sai abin ya zama daɗi, domin yau ba abin tsoro. Aka zaunar da shi a benci don a ji daɗin zaginsa da kyau. Mai aski ya ce saboda shi ya taɓa barin mutum da rabin kai.

"Gida mai lamba goma sha bakwai," in ji Mai Mita. "Mitarka tana bayan ƙofa, ka rataye tabarma a kanta."

"Kun ji munafuki! Har tabarmar ya riƙe!"

Aka miƙo masa shayi don kada maƙogwaronsa ya bushe wajen kare kai. Awa biyu da kwata ana yi. Tunda yake, ba a taɓa yi masa magana mai tsawon haka a titi ba, yana zaune, ba ƙofa a tsakani.

Sai dillali ya iso yana share gumi, tare da mai gidan da ake so a ba haya, wata dattijuwa mai sayar da ƙanƙara. Ta tsaya ta ƙare masa kallo daga hula har takalmi.

"Wannan ne mai son gidana? Wannan da ya sa aka yanke min wuta ana tsakiyar zafi, ƙanƙara ɗari biyu ta zama kogi?"

"Ɗari da tamanin da huɗu, Inna. Ke kika faɗa, kina bina har bakin titi."

Dillali ya dafe kai. Mai Mita ya gane bakinsa ya gama abin da riga ta fara.

"Inna, a yi haƙuri," in ji dillali, "sai mu nemi wani..."

"Wani wa? Shekara goma sha ɗaya ina zagin iska, yau Allah ya kawo min mai laifin da ƙafarsa, ka ce in sake shi?" Ta kwance makulli daga bakin zaninta ta jefa masa a cinya. "Ƙofarka tana kallon tagata. Ina tashi da wuri, ka shirya. Matarka kuwa ta shigo mu gaisa, baiwar Allah, ta ga rayuwa."

Nan a kan benci ya kira 'yarsa, ya ce a gaya wa mai mota ya canja hanya.

"Baba, ka tabbata? Mutanen kirki ne kuwa?"

"Ko ɗaya babu."

Mai aski ya leƙo kan wayar ya ɗaga murya. "Likita ce? Ki taho masa da kujerarsa, bencin nan na masu gaskiya ne! Kuma ina da haƙori ɗaya da ke damuna!"